Ku Gama Dariyar, Sannan Mu Yi Zancen Bulok

Na san halinku, mutanen Arewa. Kafin mutum ya rufe baki kun riga kun ce, "Wanga zancen banza na." To ga abin da zai ishe ku dariya har mako ya zagayo: akwai ƙasashen da ake zuba sabon bulok ɗin inji, fil daga wuta, saboda motar da aka daina ƙerawa tun kakanninmu suna samari. Ƙari a kan haka, ina ganin mu da ke tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri mun fi su dalilin tunanin wannan sana'a. Ku ƙyalƙyale son ranku, taubashi ba ya fushi. In kun share hawaye ku matso.

Alhaji mai motar bashe ne zai fara, na sani. "Wa za ya ɓata kuɗɗinai bisa tsohuwar mota?" Ranka ya daɗe, kai ne. Peugeot 404 ta fito a 1960, ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968. Wadda ke ƙofar gidanka ta girmi direban da ke tuƙa ta, amma ita ke kwaso rake daga fadamun Dallol Mawri, ita ke kai buhunan gero da dankali kasuwa, ga awaki a baya, ga fasinja a kan kaya suna riƙe da hula. Sau nawa aka ce ka sayar ka ce sai bayan damina? Damina nawa ke nan? Kai da bakinka kake cewa da tsohuwar zuma ake magani, sai yau da aka zo maganar gyara tulun zumar za ka ce ɓarnar kuɗi ce.

Ga abin da masu kuɗi suka yi. A 2020 kamfanin Jaguar na Ingila ya koma zuba bulok ɗin injinsa mai lita 3.8, irin wanda ya yi tsakanin 1958 da 1968, ya sa masa fam 14,340, wato sama da miliyan 10 na sefa. Bulok kawai fa, Alhaji, ba piston, ba kulas. A 2023 Porsche ta Jamus ta sake zuba gangar injin 911 na shekarun 1968 zuwa 1976. A Amurka kuwa wani injiniya, Terry Burtz, ya shafe shekaru yana zana sabon bulok don Ford Model A, motar da aka yi daga 1927 zuwa 1931. Daga waje kamar na asali, a ciki kuwa ya ƙara wa bilbarke mazauni daga 3 zuwa 5 don ya ƙara ƙarko. A ƙarshe a Sin aka zuba masa shi. Su waɗannan motoci ranar Lahadi ake fito da su, a goge, a zaga unguwa, a mayar a lulluɓe. A ba ɗaya daga cikinsu buhu ashirin da hanyar Dankasari, mu ga inda za ta kwana.

Sai maigida makanike, da tsumma a kafaɗa, ya ce, "Bulok ɗin Peugeot ba ya mutuwa." Maigida, rabin gaskiya na hannunka, kuma ba zan ƙwace ba. Injin fetur na 404 da 504 shamis gare shi da ake zarewa: in silinda ta cinye, ka canza shamis da piston da zobba, inji ya dawo yana waƙa. Shi ya sa motocin nan suka binne sa'o'insu. Amma ɗaya rabin ka fi ni saninsa. Shekara da shekaru ana ɗura wa radiyata ruwan rijiya babu maganin tsatsa, har mazaunin shamis ya rube. Yaron mota ya manta da mai, biyal ta ɓalle ta huda bulok ta leƙo waje tana gaisuwa. Daga nan sai ka ce a aika Yamai ko Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa a Kano, a nemo na hannu. Na hannun daga ina yake fitowa? Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta daina haɗa 504 a 2006, kuma ko a zamanin da take tashe, da jirgin sama ake kwaso mata kayan haɗi daga Liyon zuwa Kano. Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, kowa ya san ƙarshensa. Wanda ya fashe kuma ƴan gwangwan sun auna shi a sikeli sun tafi da shi.

To ga wanda ya fi ba ni tsoro, domin shi gaskata ni ya yi fiye da kima. Mai zubin tukwane ya buga ƙirji ya ce, "A kawo samfur, jibi a zo a ɗauka." Sannu, sarkin zubi, zauna tukuna. Gwanintarka ba abin rainawa ba ce: daga kasuwar Katako ta Yamai har Panteka ta Kaduna, irinku ne ke mai da tsohon piston da gwangwani tukunyar biki. Amma alminiyom yana narkewa a digiri 660, gawayi da zuga-zugi sun ishe shi. Baƙin ƙarfen bulok sai ya kusa 1,200 yake narkewa, kuma ana zuba shi a wajen 1,400 don ya gudana cikin kowane lungu. Tukunya rami ɗaya gare ta. Bulok kuwa cikinsa hanyoyin ruwa ne da na mai, kowace sai an gina ta da dunƙulen yashi na musamman, an dasa shi daidai, ƙarfe ya zagaye shi, sannan a kakkaɓe yashin bayan ya huce. Dole samfur ya ɗara ainihin bulok da kusan kashi 1 cikin 100, saboda ƙarfe yana tsukewa in ya yi sanyi. In ya huce da gaggawa sai ya yi taurin da wuƙar inji ba ta cinsa. Kumfa ɗaya ta iska ta ɓuya a bango, ruwa ya haɗu da mai, aiki ya tashi. Bayan duk wannan, rabin aiki aka yi: saura sassaƙa, inda ramukan bilbarke za su jeru a layi ɗaya, kuskuren da aka yarda da shi bai kai kaurin gashin kai ba. Tukunya in ta karkace a sa mata dutse a gindi, tuwo ya dahu. Bulok in ya karkace, a Kore Mairuwa za a sauke fasinja su ƙarasa da ƙafa.

Ɗan boko ya gyara tabarau. Dama shi nake jira. "Ka gani? Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka fara tun 1979 har yau ba ta kammala ba. Wutar da muke saye ta layin Birnin Kebbi an yanke ta daga Agustan 2023 har Maris na 2024. Da mi za ka narka ƙarfe, da fitilar waya?" Malam, lissafinka daidai ne, amsarka ce ta kauce. Je ka Suame Magazine a Kumasi, unguwar makanikai da ƴan uwanmu na zango suka sani sarai. A farkon shekarun 1980 jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe wata ƙaramar cibiya a tsakiyar masu gyaran mota, ta koya musu zubin baƙin ƙarfe. Ba su jira wata Ajaokuta ba. Matattun bulok suke farfasawa su narka, su zuba dutsen injin niƙa da sauran ƙananan kaya su sayar. Kai kuma takardarka tana cikin akwati tana jiran a kira ka ofis.

Yanzu ku saurari inda na dosa, tun da na ga dariyar ta ragu. Ban ce a kafa masana'antar bulok a Matankari bana ba. Ko masu Jaguar sai da suka tabbatar akwai masu saye kafin su hura wuta, domin kuɗin samfur ɗaya ba ya fita sai an zuba da yawa. Abin da na ce shi ne, sana'ar tana da matakala, mu kuwa ko ta farko ba mu taka ba. Kowane ƙauye daga Geceme zuwa Dogon Kirya yana da injin niƙa, kuma dutsensa cinyewa yake. Masu lambun dankali suna da injin ban ruwa da ke neman fuli da murfi. Amalanke na neman cibiyar ƙafa, mota na neman gangar birki. Duk waɗannan zubi ne mai sauƙi, kasuwarsu tana nan, kuma kayan aikinsu shi ne ƙarfen da muke sayarwa da kilo a kuɗin goro. Wanda ya shekara goma yana zuba dutsen niƙa mai kyau, shi ne zai iya kallon bulok ido da ido.

Hannun da za su yi aikin ma akwai su. Makarantar EMIG ta Yamai da makarantar fasaha ta Dan Kasawa a Maraɗi suna yaye yaran da suka san awo da zane, garejojinmu cike suke da waɗanda suka san ciwon inji da kunne, maƙera kuma sun san wuta tun kaka da kakanni. Abin da ya rage a zaunar da su a rumfa ɗaya, kuma wannan aikin masu gari ne da ƴan kasuwa da magadan gari.

Saboda haka, Alhaji, in bulok ɗin bashe ya fashe, kada ka yi saurin kiran mai sikeli. Maigida makanike, ka tura yaro ɗaya ya koyi zubi. Malam ɗan boko, fito da takardar nan ka zana mana tanderu. Wanda kuma har yanzu dariya yake, to ya ci gaba, amma ya tanadi kuɗin sayo dutsen niƙa daga wata ƙasa.