Zuwa ga Bazazzagin da ya soke lokaci

Bazazzagi, bawan gado, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ina gajiya, ya ɗalibai, ya mutanen Samaru? Saƙon muryarka ya iso, kuma na saurare shi har ƙarshe, wanda wannan kaɗai ya isa a rubuta mini lada. Tambayata gajera ce, "ina kuɗin taki?", amma amsarka ta fi huɗubar Idi tsawo.

Ga abin da na tsinta a ciki. Wai masana fiziks sun gano cewa lokaci ruɗu ne, babu jiya babu gobe, saboda haka alƙawarin da ka yi da bakinka a farkon damina, cewa in kaka ta yi za ka biya, magana ce da ba ta da gindin zama. Sannan wai masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano ɗan'adam ba shi da zaɓi, don haka ba kai ne ka ƙi biya ba, ƙwaƙwalwarka ce ta yanke hukunci ba ta shawarce ka ba. Ka rufe da cewa ai ni ɗan kasuwa ne, ba lallai in gane ba. Gaskiyarka, ɗan kasuwa ne ni, kuma mu Kanawa ba ma sayen kaya a ƙulle. Na kwance buhun naka, na zazzage shi a ƙasa.

Einstein ɗin da ka ambata har baki na kumfa bai soke lokaci ba. Abin da ya nuna a 1905 shi ne babu agogo guda da duk halitta ke bi: abubuwa biyu da wani ya ga sun faru tare, wanda ke tafe da gudu zai iya auna ɗaya ya riga ɗaya. A 1915 ya ƙara da cewa ƙarfin jan ƙasa ma yana rage wa agogo sauri. An kuma gwada. A 1971 wasu Amurkawa biyu, Hafele da Keating, suka yankar wa agogon atam guda huɗu tikiti a jirgin fasinja, suka zaga duniya da su ta gabas, suka sake zagawa ta yamma, sannan suka gwama su da waɗanda aka bari a Washington. Zagayen gabas ya sa sun yi baya da kusan kashi 59 cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya, na yamma ya sa sun yi gaba da kusan kashi 273. Ko wayar da kake laluben gidan biki da ita a kan wannan lissafi take tafiya. Taurarin ɗan'adam na GPS suna can sama wajen kilomita 20,000, agogunansu na rigan namu da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma da ba a gyara wannan ba, kuskuren taswira zai riƙa ƙaruwa da wajen kilomita 10 kullum. To Malam, abin da ake aunawa da wannan irin ƙididdiga, shi ne babu? Einstein ya raba wa kowa lokacinsa ne, kai kuma ka karɓi naka ka ce ba a ba ka komai ba.

Akwai ma abin da ka ɓoye mini, don ka san ba zai yi maka daɗi ba. Agogon da ke kan tudu ya fi na kwari sauri. A 2010 masu bincike a jihar Colorado suka ɗaga wani agogo da santimita 33 kacal, suka ga bambancin. Zariya kuwa ta fi Kano tudu da sama da mita 100. Ke nan agogonka ya fi nawa sauri, da abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba a shekara, amma sauri dai sauri ne. Wa'adin bashin ya cika a gidanka kafin ya cika a gidana. In ka hau Kufena ma sai lattin ya ƙaru.

Na san inda za ka ruga. Za ka ce Minkowski, wanda ya koyar da Einstein lissafi a Zurich, ya haɗe lokaci da wuri suka zama shimfiɗa guda a 1908, har wasu masana suka ce jiya da yau da gobe duk suna nan a ajiye, mu ne kawai muke jin kamar suna wucewa. Za ka kuma jawo wasiƙar da Einstein ya rubuta wa iyalan amininsa Michele Besso a watan Maris na 1955, inda ya nuna musu cewa a wurin masu ilimin fiziks rabewar da ke tsakanin abin da ya wuce da na yanzu da mai zuwa ruɗu ne mai naci. Ta'aziyya ce dattijo ya yi wa waɗanda aka yi wa rasuwa, shi ma ya bi abokin nasa bayan 'yan makonni. Kai kaɗai ne a duniya ka karanta takardar ta'aziyya ka ga yafe bashi a ciki. Kuma ba duk masanan suka yarda ba: Lee Smolin ya rubuta littafi guda a 2013 yana kare cewa wucewar lokaci gaskiya ce. Amma mu ɗauka naka ne daidai. In jiya na nan ba ta gushe ba, to ranar da ka zo shagona ka cire takalmi ka rage murya tana nan daram, hannunka na nan a miƙe har yanzu, kuma bashin ba zai taɓa tsufa ba balle a ce an manta. In gobe ma tana nan a ajiye, ranar biya tana ciki. Nuna mini ita a kalanda.

In kuwa babu gaba babu baya da gaske, ka shiga gonar ka zuƙo takin daga cikin masarar, ka mayar da shi buhu, ka ɗinke. Zan karɓa, ko kuɗin mota ba zan cire ba.

Sai batun zaɓi, kuma nan ne ka fi ƙure murya. Gwajin Benjamin Libet kake nufi, wanda aka buga a 1983 daga San Francisco. Bari in tuna maka yadda aka yi shi, tun da ka tsallake wajen. Za a zaunar da mutum, a manna masa wayoyi a ƙoƙon kai, a sa shi kallon wani ɗigon haske da ke zagaya fuskar agogo, zagaye ɗaya cikin daƙiƙa biyu da rabi da 'yan kai. A ce masa ya motsa hannu duk lokacin da ya ga dama, sannan ya faɗi inda ɗigon yake sa'ad da ya ji niyyar ta zo masa. Aka ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri kusan rabin daƙiƙa kafin motsin, shi kuwa mutumin bai ji niyyar ba sai saura kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ratar da ke tsakani, wajen sulusin daƙiƙa, ita ce duk jarin da ka buɗe wannan kasuwa da shi.

Duba abin da aka sa su zaɓa. Motsa hannu, ba riba ba asara, ba wanda zai ji haushi, ba wanda zai kai ƙara. Wannan ne za a gwama da mutumin da ya kwana ya tashi da bashi tun damina har hunturu, wayarsa na ƙara ya ga sunana ya kifa ta a kan tabarma? Shi kansa Libet ya ce a cikin ɗan lokacin da ya rage mutum na iya fasawa. A 2012 kuma Aaron Schurger da abokan aikinsa suka kawo bayanin cewa wannan shirin da ake gani zai iya zama hawa da saukar da ƙwaƙwalwa ke yi a kullum, ba hukuncin da aka yanke a ɓoye ba. Gwajin 2008 da aka yi a Jamus, wanda John-Dylan Haynes ya jagoranta, shi ne ka ce na'ura na sanin maɓallin da mutum zai danna, na hagu ko na dama, har daƙiƙa 10 kafin ya sani. Ka manta ka faɗi cewa sau 60 cikin 100 take dacewa. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka ma zai ci 50.

Robert Sapolsky na jami'ar Stanford, wanda ya shafe shekaru yana bin gwaggon biri a dajin Kenya, ya fitar da littafi a 2023 yana cewa babu zaɓi ko ƙwaya ɗaya. Ban bi shi ba, amma ina girmama shi, domin ya bi maganarsa har inda ta kai shi: in babu zaɓi, ba wanda ya cancanci zargi, ba kuma wanda ya cancanci yabo. Kai fa? Ɗalibi ya makara minti biyar, ka rufe ƙofa ka ce ya je ya koyi mutunta lokaci. Ka kama wani da satar amsa, ba ka taɓa cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta riga shi ba. Albashi ya yi lattin kwana biyu, duk unguwa sai ta san ranar wata. Takardun shaidarka kuwa suna rataye a falo cikin gilashi, ba ka rubuta a ƙasansu cewa ba ƙoƙarinka ba ne. Mafi daɗi duka, masarar da takina ya raina tana jibge a ɗaki, ka zuba mata magani, ka ƙi kai ta kasuwar Giwa, kana jiran bazara farashi ya hau. Wanda bai yarda da gobe ba yana ɓoye hatsi?

Abin kunyar ma, garinku garin malamai ne. Da ka shiga birni ka durƙusa a wani zaure a Unguwar Juma, da an gaya maka wannan gardama ta girme wa Libet da shekara fiye da dubu. Jabariyya, mutanen Jahmu ɗan Safwan da aka kashe a 746, sun ce bawa tilasta shi ake yi, ba shi da kataɓus. Ƙadariyya suka tafi ɗaya gefen, suka ce shi ke samar da aikinsa da kansa. Malaman Sunna suka ƙi duka biyun, Imam Ash'ari ya yi bayani da kasabu: Allah ke halitta, bawa ke ɗaukar aikin da niyyarsa, a kanta kuma ake yi masa hisabi. Imani da ƙaddara wajibi ne, ba mai ja. Amma da Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Ba a taɓa jin ya ce ƙaddara ta ɗauke wa mutum biyan abin da ya ranta ba.

Girkawa ma suna da labarin da ya yi daidai da ni da kai. An ce Zeno, shugaban masu cewa komai a rubuce yake, ya kama bawansa da sata. Bawan, da yake ya sha jin karatun maigida, ya ce ai an ƙaddara masa ne ya yi satar. Zeno ya ce haka ne, an kuma ƙaddara masa shan bulala. Lura da kyau, a labarin nan bawa ne ya kawo hujjar.

Ni zaɓin da nake nema a wurinka ba mai yawa ba ne. Ban ce sai ka fita daga cikin dalilai da sabubba ba, ba wanda ya taɓa fita. Irin wanda in an tuna wa mutum alƙawarinsa a gaban jama'a yakan ji nauyi ya sa hannu a aljihu, shi kaɗai nake so, kuma ko alƙali iyakar abin da yake dubawa ke nan. In kuma ka dage kai ba komai ba ne sai abin da sabubba suka tura, to ga sababi na turo maka a shafin jarida, surukanka ma suna karantawa.

Wuri ɗaya ne zan sallama maka, don adalci. Akwai halin da na tabbata ba ka da zaɓi ko na sisin kwabo. A ajiye maka gurasa bandashe da tsire a dama, a ajiye kwanon faten tsaki da yakuwa da gyaɗa a hagu, yana tururi. Ba na bukatar na'urar Jamusawa, ba na bukatar daƙiƙa 10. Tun daga yau zan rubuta inda hannunka zai nufa in ba liman ajiya, kuma sau 100 cikin 100 zan ci. Ka gaya wa Haynes ya zo Zariya da kayan aikinsa, ku kuke da mutanen da yake nema. Kuɗin jirginsa dai kada ka ce in ranta maka.