Hisabin Wutar Lantarki a Gidana

Tun da aka daina kawo mana takardar kuɗin wuta bisa ƙiyasi, aka kafa mana mita mai kati a bangon zaure, wadda ba ta san bashi ba, ba ta jin magiya, ba ta kuma duban furfurar mai gida, na fahimci cewa zamanin sakaci ya wuce. Da watan Afrilun 2024 ya kama, aka ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga unguwannin rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a kullum, mu kuwa ƙaddara ta sa muna cikinsu, sai ya zamana duk lambobin nan ashirin da nake dannawa da Bismilla, kafin mako ya zagayo mitar ta lashe su, ta shiga kuka.

Wani abokina mai gyaran wuta ya ce mini ciwon da ba a san mazauninsa ba ba ya jin magani, ya tura ni kasuwar Sabon Gari, na sayo wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket, a cusa filogin kowane irin kaya a bayanta, ita kuwa ta rubuta yawan wat ɗin da yake sha. Ya koya mini ƙa'idar: wat 1000 in ya yi awa guda yana ci, shi ne yunit ɗaya. Na dawo gida da ita a aljihun gaba, ina jin kaina alƙali, muhuti da ɗan doka a lokaci guda.

Na fara da waɗanda na daɗe ina tuhuma, wato samarin gidan da wayoyinsu. Na tara su bayan Magariba, na yi musu wa'azi mai tsawo a kan israfi da makomar almubazzarai, sa'an nan na cusa cajar babbansu don hujja ta tabbata a gaban shaidu. Na'ura ta rubuta wat 5. Ƙaramin, wanda Allah ya hore wa lissafi bai hore masa kunya ba, ya ce, “Baba, ke nan sai ta yi awa 200 kafin ta ci yunit ɗaya.” Na sallami majalisa ba tare da addu'ar tashi ba.

Tsofaffin ƙwayaye masu wat 100 dai an same su da laifi, aka musanya su da masu wat 10. Dutsen guga ya nuna wat 1000, amma da aka bincika, rigunana ne ya fi hawa, saboda haka aka ɗage shari'arsa.

Sai na juya kan firizar uwargida, wadda ke gurnani dare da rana, na zartar da hukunci cewa a riƙa kashe ta daga Lisha zuwa hantsi. Uwargida ba ta yi musu ba, abin da ya kamata ya tsoratar da mai hankali. Washegari yaran makarantar allo suka zo sayen ƙanƙarar zoɓo suka tarar da ruwan zoɓo, naman miya kuma ya soma sauya hali. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo littafinta, ta ce, “Malam, tun da lissafi ake yi, bari mu yi shi duka.” Ta bayyana mini, dalla-dalla, cewa daga cinikin ƙanƙarar nan ake sayen gishiri, da magi, da sabulu, da ma shayin da nake sha ina karanta na'urata. Na mayar da filogin da hannuna.

Duk da haka mita ba ta daina zarya ba. Akwai wata 'yar jar fitila a goshinta wadda ke ƙiftawa gwargwadon abin da ake ja, na kuwa lura, cikin sanyin hunturu, cewa can a sulusin dare na ƙarshe, sa'ad da gida ya yi tsit, ƙiftawar takan tsananta kamar idon maras gaskiya. Zuciyata ta raya mini cewa maƙwabci ne ya jona waya ta bayan katanga, har na soma amsa sallamarsa a taƙaice. Wani dare na ɗauki tocila da sanda, na lulluɓe da bargo, na laɓe a zaure, da na ga fitilar ta rikice sai na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na kasa kunne in ji daga ina ƙorafi zai fito.

Ya fito daga ɗakin Hajiya mahaifiyata.

Na same ta a kan buzu, hita tsome cikin bokiti, tana ɗumama ruwan alwalar tahajjudi, ga wani bokitin na wankan jikoki yana jiran layi, ga kuma na wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai ciwon gwiwa. Da gari ya waye na roƙi izini na auna hitar: wat 1500, wato yunit guda cikin minti 40. Hajiya, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, ta dubi ƙaramin nan mai lissafi ta ce, “Tambayi ubanka, itacen da aka ƙona kwana arba'in a wankan jegonsa, wa ya auna shi?”

Na duba iyakar abin da na karanta na fiƙihu ban sami babin da ya halatta wa ɗa cire filogin uwarsa ba. Hita na nan tana aiki, firiza na gurnani, na kuma aika wa maƙwabci da goro ba tare da bayani ba. Na'urar kuwa lafiyarta lau, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Mai bukata ya same ni a zaure bayan La'asar, zan sallama masa ita a rabin kuɗinta.