Yadda Ake Rubuta Labari Ba Tare Da Mai Karatu Ya Yi Gyangyaɗi Ba

Da zarar sabon marubuci ya sayi littafin rubutu da biro biyu, sai ya shiga neman jaruma. Kusan kullum kuma ita ɗin dai yake samowa: fara tas, doguwa, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, mahaifinta na da kamfani a Abuja da wani a Dubai. Baiwar Allah nan ta gaji. An ɗaura mata aure a littattafan soyayya sau ba adadi, lokaci ya yi da za a bar ta ta huta.

Maimakon ita, ya leƙa maƙwabta. Balaraba Ramat Yakubu ta gina Alhaki Kuykuyo Ne a kan Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta Alhaji Abdu ya kora bayan ya yi sabon aure, ta koma sayar da abinci don ta riƙe yaranta. Babu unguwar da ba ta san irin wannan matar ba, shi ya sa labarin ya kama zuciya. Har a Indiya aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Tukunyar Rabi ta je inda motocin attajiran takarda ba su je ba.

Sai kunne. Mai son taurarin labarinsa su yi magana irin ta mutane, ya zauna teburin mai shayi bayan sallar isha'i, ko ya shiga A Daidaita Sahu ya kame bakinsa. Zai ji yadda mai bin bashi ke fara gaisuwa mai tsawo, da yadda uwar miji ke cewa "ba komai" alhali akwai komai. Dattijuwar ƙauye ba ta magana kamar mai karanta labaran rediyo, kuma saurayin da ke jero wa budurwa kalaman soyayya shafi huɗu ba numfashi, a zahiri sauro zai tashe shi daga zancen tun yana shafi na farko.

Jarumi kuma yana bukatar wanda zai hana shi sakat. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Abubakar Imam bai bar Alhaji, jarumin Ruwan Bagaja, ya tafi neman ruwan nan salin-alin ba. Ya haɗa shi da Malam Zurƙe, suna ta yi wa juna ƙulli gari bayan gari. A cire Zurƙe, abin da zai rage doguwar tafiya ce kawai da ciwon ƙafa. Don haka marubuci ya daure, kada tausayin jaruminsa ya kama shi da wuri. Ya jefa shi rami, ya ɗauke tsani, sannan ya zauna ya ga yadda zai fito.

Maganar tsawo gajera ce. Kasuwar littattafan Kano ta saba da na ɗaya, na biyu, na uku, amma labarin da ya ƙare a na ɗaya kada a ja shi kamar ƙosai da ruwa ya yi wa yawa. Imam ya cika Magana Jari Ce juzu'i uku ne domin akun da ke ba da labari a cikinsa yana da labaran da za su cika su.

Daga nan sai aikin da kowa ke gudu, wato gyara. Ƙugiya ƙaramar aba ce, amma ita ke raba baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɓari da bari. Marubucin da ya manta ta zai iya sa maigida ya shimfiɗa wa baki tabarma, ko ya kai jaruma asibiti da ciwon kafa. Maganin wannan da sauran tuntuɓe guda ne: ya karanta abin da ya rubuta da ƙarfi, gaban wanda ba ya jin nauyinsa. Ƙanwa ta fi dacewa da wannan aiki, don ba ta iya ɓoye hamma. Inda ta yi hamma, nan za a sa almakashi.

Ƙofofi kuwa a buɗe suke. Hafsatu Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya ta hanyar gasa, aka buga shi a 1980, kuma tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata. Gasa dai ba ta karɓar labarin da ke cikin kai, sai wanda ke kan takarda. Duk mai labarin da ya shekara yana ba abokai a baki, don Allah ya zauna yau da dare ya rubuta shafin farko.