Yadda Za Ka Shimfiɗa Layin Dogo a Ɗakinka Ba Tare da An Mayar da Kai Zaure Ba

Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya kuma ya ratsa Funtua da Gusau ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929. Dayi kuwa, duk da tana zaune a mahaɗar hanyar Gwarzo da ta Funtua zuwa Yashe, kwalta ce rabonta. To, tunda dogo bai zo mana ba, babu dokar da ta hana mutumin Dayi ya shimfiɗa nasa a ɗakinsa. A Ingila da Jamus dattawa masu furfura ne ke wannan harka, har a Hambug akwai wani gida, Miniatur Wunderland, inda ake biyan kuɗi a shiga kallon ƙananan jirage. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara, ai ba baƙin sana'ar ba ne.

Abu na farko fili, fili kuwa a hannun uwargida yake. Kada ka kai buƙatarka da kaka, lokacin da buhunan masara da waken suya suka cika ɗaki har baranda. Ka bari a ɗan rage kaya. Ka tafi da turmin atamfa a matsayin diyya, domin ko gwamnati ba ta ratsa gonar mutum haka kawai. In an sa hannu, ɗauko tef ka auna kafin ka sayi ko ƙusa. Tsohon ƙyauren ƙofa ya ishe ka: ka ɗora shi kan benci biyu, in an gama wasa ka tura ƙarƙashin gado. A ƙasa dai kada ka kuskura, don can mulkin kaji ne da mai rarrafe.

Sai girman jirgin. Masu harkar suna da ma'auni. Wanda ake kira HO kashi ɗaya ne cikin 87 na jirgin gaske, tsakanin ƙarafan layinsa milimita 16.5. Mai suna N kashi ɗaya cikin 160 ne, layinsa milimita 9. Akwai kuma Z, wanda kamfanin Märklin ya fito da shi a 1972, kashi ɗaya cikin 220, wanda in idonka ya fara neman tabarau gara ka haƙura da shi. HO yana son faɗin kusan mita ɗaya kafin ya sha kwana ya zagayo, N kuwa santimita 60 ta ishe shi, shi ya sa ya dace da ƙyaure. Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa. A ma'aunin HO babban mutum santimita 2 ne. Idan akuyarka ta laka ta fi tarago tsawo, a kai ta wani garke.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau, ɗan'uwa. Kowane sabon shiga da'ira yake so, jirgi ya yi ta zagaye yana bin wutsiyarsa. Kafin a kira la'asar ka gaji da shi. Ƙaramin fili aiki yake so. Wani Bature ɗan Ingila, Alan Wright, ya shahara da wani tsari mai suna Inglenook, wanda tsawon benci ɗaya ya ɗauke shi. Layi ɗaya ne ya rabu gida uku: reshe na farko yana ɗaukar tarago 5, sauran biyun uku-uku. Ta ɗaya gefen kuma ka bar wurin da zai ci kan jirgi da tarago 3 kacal. Ka zuba tarago 8, ka rubuta sunayensu a 'yan takardu, ka jefa cikin hula, ka sa yaro ya zaro 5. Aikinka shi ne ka haɗa jirgi da waɗannan biyar bisa jerin da suka fito, gaba da baya, a ajiye wannan a ɗauko wancan. Jerin da zai iya fitowa ya kai 6,720. Masu dara na bakin kasuwa ma in suka zauna a kansa sai an aiko kiran su cin tuwo.

Kada ka gina mana tsaunin ƙanƙara da gidajen Turai. Gina tashar Funtua ta zamanin da kamfanin BCGA ke gurzar auduga ana loda dila-dila a tarago. Kayan aikin duk suna gida. Gwangwanin kifi taragon kaya ne, akwatin ashana ofishin tasha. Tsinken ashana ka jera a ƙarƙashin layi, wayar ƙafar keke ta zama ƙarfen dogo, ka tankaɗe yashi da rariya ka sami tsakuwa. Auduga ɗan tafin hannu, a dunƙule a ɗaure da zare, ta cika tarago uku. Saiwar ƙaramin tsiro in ka wanke ta ka kifa ta, ga kukar rani tsaf. Rumbu kuwa laka ce kamar kan babban yatsa, da 'yar hular ciyawa. Wanda ya sami jirgin kanti mai aiki da wuta, batirin babur zai tuƙa shi. Wanda bai samu ba, ya ciro injin tsohuwar rediyo mai kaset, ko ya tura da tsinke, daidai ruwa daidai tsaki.

Maƙiyan reluwe a Dayi sanannu ne. Gara tana son katako, sai ka shafa wa ƙasan ƙyauren baƙin mai. Kada ka liƙa komai da koko ko sitaci, don ɓera zai cinye tashar a dare ɗaya har da shugabanta. Nemi gam ko ƙaro. Ƙurar hunturu tana hana wuta bin layi, saboda haka ka rufe da tsohon zane, ka riƙa goge ƙarafan da tsumma. Akuya kuwa ba ta san sulhu ba, a ja ƙofa.

Yara ne kaɗai ba na yarda a sa su cikin wannan jeri. Za su karya tarago, tabbas, gwangwani kuma ba ya ƙarewa a gari. Da yawansu ba su taɓa hawa jirgin ƙasa ba, ga shi tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda zai buƙaci direbobi da makanikai da injiniyoyi. Ka naɗa ɗaya shugaban tasha, ɗaya mai tuta, ita kuma 'yar autar a ba ta hular zaro takardu. Ranar da za ka kai hatsi kasuwar Funtua, ka tafi da su, ku tsaya a tasha su auna faɗin layin da kansu: ƙafa 3 ne da inci 6.