Alhaji Ba Ya Nan, In Ji Alhaji

Gaisuwa daga birnin Zazzau zuwa ga yarona Bakano, mai shaguna uku a bakin titi da gidan haya a lungu, wanda bai taɓa yafe wa ɗan Adam sisin kwabo ba. Ina gajiya, ina ɓuya? Da kasuwa zan tambaya, sai aka ce mini kwanan nan zamanta ya gagare ka. Labari ya riga motocin Kano wuce Kwanar Dangora: ƙaramar hukuma ta maka ka a kotu kan kuɗin shago da na allon talla da harajin gidan hayar nan, waɗanda ka tara shekara da shekaru, kuma sammaci na nan na zaga unguwa yana cigiyarka.

Wanda ya kawo mini zancen ya rantse a gabansa aka yi. Masinjan kotu ya kafe babur a ƙofar shago, ya zaro takarda daga jakar leda, ya yi sallama ya ce Alhaji yake nema. Kana zaune a kan buhun sukari, carbi a dama, kalkuleta a hagu, ka dube shi ido cikin ido ka ce, "Ai kuwa kun yi saɓani, yanzun nan ya tafi Dawanau duba kaya, ni jiran shago nake." Bai kai ga tada babur ba sai ga yarinya da kuɗi a dunƙule a hannu: "Alhaji, a ba ni magi." Kai kuma ka ce mata, "Wane Alhajin?" Haba Bakano! Kujerar Makka da ka biya, da haƙorin da ka sanyo, duk ka yi musu inkari saboda takarda guda. Abin da ka manta shi ne, masinjan nan shi ka aika wa ɗan hayarka bara da ya yi jinkirin wata biyu, har ka ƙara masa kuɗin mai don ya yi sauri. Ya san fuskarka sarai, kara kawai ya yi maka.

Ban ga laifinka can-can ba, abin gado ne. Tarihin sarakunanku, wanda malamanku suka rubuta da hannunsu, ya nuna Sarki Kutumbi ne ya fara karɓar jangali a hannun Fulani. Sai Kumbari, da ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya lafta wa Kasuwar Kurmi haraji har ta kusa mutuwa, ya ce malamai ma su kawo nasu. Larabawa suka naɗe tabarma suka koma Katsina, talakawa suka watse cikin ƙauyuka. Tun daga lokacin ƙafar Bakano ta koyi hanya: da an ambaci haraji sai ta fara ƙaiƙayi. Amma fa kun taɓa sanin biya ba gardama. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a Infaƙul Maisuri cewa mutanen Kano da na Katsina sun kai wa Sarauniya Amina gandu. Ashe dai mai karɓa ce kuka rasa. Na san yanzu za ka zabura da zancen Kanajeji da ya ci mu da yaƙi. Adana shi, majistare ba zai tambaye ka wannan ba.

An ce hujjarka a majalisar bayan la'asar ita ce wai Rimi ya soke haraji. Gaskiya ne, a 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, namu Balarabe Musa ya soke su a Kaduna, duka biyun a inuwar PRP ta Malam Aminu Kano. Sai dai abin da suka soke kuɗin kai ne, wanda dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida suna karɓa a hannun duk baligi, ko damina ta yi kyau ko fari ya cinye gona. Shi ne wanda ake shanya magidanci a rana a kansa, wani ya sayar da akuyar matarsa, wani ya bar gari sai ƙura ta lafa. Da shi jam'iyyar NEPU ta yi ta fama tun kafuwarta a 1950, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala. Babu wanda ya sha ɗauri don a yafe wa mai shaguna uku kuɗin allon da ya kafa a bakin titi, da sunansa ɓaro-ɓaro da lambar waya har biyu. Leƙa Kasuwar Sabon Gari, wadda sunan Rimin ne ma a kanta, ka nuna mini mai rumfar da ke zaune kyauta.

In kana son sanin inda suka samo ikon, ba nesa ba ne. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya jera aikin ƙaramar hukuma: kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, lasisin keke da amalanke da baro, kula da shaguna da rumfuna da allunan talla, rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kwashe shara, da ƙiyasta gidajen jama'a don ɗora musu harajin da majalisar jiha ta ƙayyade. Ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 a Kano suke, kuma kullum kuna cika mana baki da cewa babu jihar da ta kai ku. To, yawan ciyaman, yawan masu rasit. Yaron da ke tura maka kaya a baro yana yankar tikitinsa, kai mai kayan ka ce ba ka san zancen ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a matsayinka na wanda ake cewa ya sha lissafi a nono, shi ne ka tafka cinikin asara mafi muni a rayuwarka kana murmushi. Takardar neman biya ta farko ta zo, ka ƙulle wa wani ƙusa a cikinta. Ta biyu ka ninke ta ka tokare ƙafar tebur. A ranar ta farkon nan kuɗin ya fi araha, domin bashin hukuma kullun waina ne, in ya kwana sai ya tashi. Yau ga uwar kuɗi, ga tara, ga kuɗin kotu, ga na lauya, ga cinikin da ke wucewa shagon maƙwabci duk ranar da ka tafi "Dawanau". Kai da kake buga wa mai bashin taliya ƙofa kafin ya shafa addu'ar asuba, kai da littafin bashinka ya fi kundin almajiri kauri, yaya aka yi ka ɗauka hukuma ba ta da nata littafin?

Ɓuyar kuma ba ta tsayar da komai. Masinja zai koma ya shaida wa kotu cewa ya neme ka bai same ka ba, kotu ta ba da izini a manna sammacin a ƙofar shago, kuma a wurin shari'a daidai yake da an damƙa maka a hannu. Bambancin kawai, yanzu duk layin zai karanta, har mai shayi. Idan ƙarar neman kuɗi ce, ranar zama ta zo ba ka nan, za a saurari mai ƙara shi kaɗai a yanke hukunci, kai kana can kana murna an manta da kai. Daga nan sai umarnin kwashe kaya a yi gwanjonsu, ko a riƙe abin da ke asusunka na banki. Ka yi tunanin buhunan da ka ce "albarka" a kansu sau goma, an kaɗa musu ƙararrawa, abokin gasarka na tsallaken titi ya kwashe a rabin kuɗi. Idan kuwa tuhuma ce ta karya dokar ƙaramar hukuma, takardar kamu ke biyo bayan ƙin zuwa. A zo da kai ranar Juma'a da yamma, mai tsaya maka beli ya tafi ɗaurin aure Wudil, sai ka zaɓa tsakanin gidan yarin Kurmawa da na Goron Dutse, in ma ana ba da zaɓi.

Saboda haka matso kusa ka ɗauki karatu, tunda karatu namu ne. A Kongo aka fara horar da akawunan En'e tun 1947, a can tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take, kuma Bayeron da kuke taƙama da ita kwaleji ce a ƙarƙashin tamu kafin a yaye ta ta zama cikakkiyar jami'a a 1977.

Ka karɓi takardar ka sa hannu. Sa hannu shaida ce ta cewa ta iso ka, ba amsa laifi ba ne. Ka duba sunan kotun, da lambar ƙarar, da hatimi, da ranar zama, sannan ka taka har ofishin rajistara ka tabbatar da gaske akwai ta, don akwai 'yan damfara masu yawo da takardun bogi suna tsorata irinku a karɓe na goro. Ka janyo akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado, ka fito da duk rasitin da ɓera ya bari. Ka nemi su ba ka lissafi dalla-dalla a rubuce: wace shekara, kuɗin me, a kan wace doka, nawa. A nan ne kanawancinka zai yi rana. Mai yiwuwa an lissafa maka shekarar da ka biya, ko shagon da ka riga ka sayar, ko abu guda da jiha ta karɓa ƙaramar hukuma ta sake nema da wani suna. Duk wanda ka kama da hujja a hannu, kotu za ta saurare ka. Ka ɗauki lauya ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ka ce ya bari sai ka ga yadda ta kaya ba. Kar ka sa tsohuwar riga ka nufi hukumar ba da agajin lauya, an kafa ta a 1976 don marasa hali, kuma tumbinka zai tona ka tun daga ƙofa.

Kafin ranar zama, ka je sakatariya ku zauna da masu tara kuɗin shiga. Abin da ya tabbata naka ne, ka nemi a raba maka shi kashi-kashi, a rubuta, a kai gaban majistare ya amince da sulhun. Biyan kuma a banki, cikin asusun hukuma, ka riƙe takardar shaida. Duk wanda ya ja ka gefe ya ce ka kawo wani abu a kashe maganar, kuɗinka kawai zai kashe, maganar tana nan da ranta a cikin fayil.

Ranar kotu ka yi sammako, ka kashe wayoyin nan uku. In an buga tebur an ce "Kotu!" ka miƙe tare da jama'a. In an kira sunanka ka amsa, kar ka waiga kana neman wane Alhajin. In an karanto adadin, don girman Allah kar ka ce "albarka", kar ka ce "nawa ne gaskiyarsa", kar kuma ka juya kamar za ka tafi kana jiran a kira ka a rage. Ka ce "ranka ya daɗe", ka bar lauya ya yi aikin da ka biya shi.

Na san abin da ke cin ranka, kuma a nan ina bayanka ko da kai Bakano ne. Kwatar gaban shagonka ta cushe tun damina biyu da suka wuce, bola ta kusa rufe kwanar layin, yau wannan ya zo da rasit gobe wancan ya zo da wani launin. Tambayar me ake yi da kuɗin halal ce. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma cikin dokokin haraji huɗu da aka sa wa hannu a Yunin 2025 har da tanadin ofishin sauraron koken masu biya. Ƙofofin ƙorafi suna nan. Amma kai da kanka, in mai bashi ya zo yana kushe shinkafarka, me kake ce masa? Ka ce ya kawo na baya tukuna. To haka kansila zai ce maka. Biya, ka tara 'yan layinku, kowa da rasitinsa a hannu, ku je ku tsaya a kan ciyaman sai an yashe kwatar. Ranar ko ni zan zo in taya ku, in rubuta muku takardar koken, don na san in an bar ku da alƙalami farashi za ku jera.

Ranar zaman ma zan shigo motar farko, in sami benci na baya in zauna. Idan ta kai ga beli ni zan tsaya maka, ubangida ba ya barin yaronsa a hannun hukuma. Sai dai ka zo da guzuri na daban, domin akwai bashin da ya girmi na ƙaramar hukuma: kuɗin sharata na watan cika-ciki, wanda rabonka da bayarwa tun kana shago ɗaya. Na san za ka ce ni ne zan ba ka. Wannan shari'ar kakanninmu ma ba su gama ta ba, amma ni a wurina babu kashi-kashi, babu rasit, kuma ba na aiko masinja.

Naka,
Ubangidanka na Zazzau.