Ranar da Sufabaiza Ya Buɗe Kamfanin Cincin a Tsakar Gida

Akwai wani magidanci a Sharaɗa, can bayan layin kamfanoni, wanda har gobe in aka ajiye masa farantin cincin sai ya sunkuyar da kai. Na san shi sarai, domin hularsa ce a kaina yanzu haka. Amma tun da abin akwai kunya, ku bar ni in ba da labarin kamar na wani ne. Mu kira shi Sufabaiza, sunan da ma'aikata suka laƙaba masa a kamfanin biskit ɗin da ya daɗe yana kula da ɓangaren kwaɓi.

Azumin 2024 ne, wanda ya faɗo tsakiyar bazara, aka yi Ƙaramar Sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu. Ana tsakiyar watan uwargida ta haihu, haihuwar ta zo da tiyata, sai mahaifiyarta ta tafi da ita Gwale don jego. Aka bar Sufabaiza da yara uku: Ummi mai shekara goma sha biyu, Abba mai tara, da Auta ɗan shekara biyar, wanda bai yarda an ƙwace masa sarautar autanci ba. Abincin buɗa-baki da na sahur yana zuwa a kula daga gidan surukai, kayan Sallah suna wajen tela. Abu ɗaya aka manta, Ummi ce ta tuno.

"Baba, bana ba za a yi mana cincin ba ke nan?"

Wanda bai tashi a Kano ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. A goman ƙarshe, yayin da maza suke tahajjud, kusan kowane tsakar gida ya zama wurin aiki. Ana soya cincin, ana murza dubulan a injin taliya a tsoma shi cikin sukarin da aka dafa da tsamiya, ana kwana da kwaɓin alkaki don ya yi tsami, masu hali su daka nakiya da man shanu. Kuma yara ne ƙashin bayan aikin. 'Yan mata su yanka, samari su juya hannun inji ko su kai niƙa, ƙananan da ba su fara azumi ba su ne masu ɗanɗano, tun da bakin manya a rufe yake. A nan yarinya take koyon awo da gwangwanin madara da tafin hannu, tun kafin a koya mata giram a makaranta. Gidan da baƙi suka zo barka da Sallah ba a fito musu da komai a faranti ba, sai an yi mako ana zancensa.

Sufabaiza ya yi dariya. Shi fa ɗan masana'anta ne, jikan masana'anta. Mahaifinsa ya yi aiki a wani kamfanin matse man gyaɗa a Bompai, tsohuwar unguwar masana'antun Kano, wadda ta bunƙasa a gefen layin dogon da ya iso birnin a 1911 ya buɗe cinikin gyaɗa har aka riƙa tara dala. A Bompai ɗin nan Northern Nigeria Flour Mills yake niƙa hatsi tun shekarun 1970. Daga baya aka yanka Sharaɗa kashi uku, aka buɗe Challawa inda majemu suka yi sansani. Da yawa daga kamfanonin sun rufe tun bayan tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 da matsalar lantarki, amma na su Sufabaiza yana nan yana hayaƙi. Mutumin da buhunan fulawa masu kilo 50 suke wucewa ta gabansa kullum, kwano biyu ne zai gagare shi?

Ranar Asabar ya shiga kasuwar Singa. Ummi ta ce kwano biyu Umma take yi. Ya sayi biyar, wai a harkar kamfani yawan kaya shi ke sauko da farashi. Ranar Lahadi, 28 ga azumi, ya yagi kwalin taliya ya zana tsarin aiki ya kafe a jikin bango. Ummi ce shugabar yanka. Abba ne mai sito da jigila. Auta kuwa aka naɗa shi jami'in tabbatar da inganci. Shi kansa ya rubuta wa kansa Janar Manaja.

Abin da bai taɓa tsayawa ya lura da shi ba shi ne, a kamfani ba shi yake zaɓen kayan haɗi ba. Daga ɗakin gwaji suke zuwa a aune, a ƙulle, da lamba a jiki, nasa kawai ya ce a zuba ya danna maɓalli. Don haka da ya aiki Abba shago, sai ya ce a ba shi "abin nan da ke sa kwaɓi ya tashi". Mai shago ya miƙo yis, babban ƙunshi.

"Baba, Umma ba ta sa wannan, wata farar hoda take sawa," in ji Ummi.

"Ummi, Ummanki ta taɓa aiki a kamfani?"

Ya juye ƙunshin gaba ɗaya. Ya tuƙa, ya murza, gumi yana ɗiga daga gemu, ya rufe bahon da faifai ya ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano don kwaɓin ya huta. Ya tafi azahar, ya ɗan zauna sauraron tafsiri. Duk mai tuyar fanke a bakin titin Sharaɗa ta san abin da yis yake yi in ya samu ɗumi, balle zafin Afrilu da ke narka kwalta. Ko da ya dawo, faifai yana sama kamar hular sarki, kwaɓi ya tumbatsa ya sauko ƙasa yana neman hanyar rariya. Auta na tsugune a gefe yana tsokana da tsinke.

Janar Manaja bai karaya ba. Ya ce a ci gaba da aiki. Ummi tana yankawa, gutsattsarin suna sake haɗewa a tire kamar 'yan uwan da suka daɗe ba su gamu ba. Waɗanda aka samu aka jefa cikin mai kuwa, kowanne ya kumbura ya kai ƙwan zabo. Aka miƙa wa jami'in inganci. Ya tauna, ya dubi sama, ya ce a ƙaro ɗaya ya tabbatar. Ya tabbatar sau tara, sannan ya ce da daɗi.

Sai da aka kira magariba gaskiya ta fito. Sufabaiza ya sha ruwa, ya ɗauki ɗaya ya gatsa. Tsami, mai har cikin hanci, babu ko alamar sukari. Ashe mai sito ya ga an rubuta dubulan a kwalin tsarin aiki, ya ɗauki sukarin duka ya juye a tukunyar Umma ya ɗora kan gawayi a bayan ɗaki, sannan abokai suka kira shi ƙwallo. Sukarin ya dahu, ya ƙone, ya daskare ya riƙe ludayin a tsaye. Ana cikin salati aka ɗauke wuta.

Ƙauri ne ya kawo Gwaggo, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su. Ta haska da fitilar wayarta, ta dangwali kwaɓin da yatsa ɗaya.

"Ɗan nan, wa ya ce maka cincin ne wannan? Ai fanke ka haɗa, shi ma ba ka gama ba."

Ta sa aka sayo sukari, ta sassauta kwaɓin da ruwan ɗumi, ta zauna kan kujera 'yar tsugunno ta fara tuya. Fanken kwano biyar ba wasa ba ne. Aka cika bokiti biyu, aka bi maƙwabta da shi, sauran aka kai masallaci. Liman ya yi wa Sufabaiza doguwar addu'a saboda wannan sadaka, shi kuwa yana amin yana kallon ƙasa.

Washegari Gwaggo ta tara yaran. Kwano biyu, ba sikeli, ba kwali a bango. Ta bar Ummi ta auna komai, ita tana duba kawai, sau ɗaya ta ce a ƙara bota. Ashe yarinyar ta haddace aikin tun tana miƙa wa uwarta wuƙa. Abba ya murza da kwalba, Auta ya ci gaba da muƙaminsa amma an kayyade masa uku. Janar Manaja aka ba shi fifita wuta da riƙe fitila, kuma ko a nan sai da aka ce ya ɗaga hannu yana haska wa mutane ido.

Uwargida ta dawo bayan arba'in, ta ga tukunyarta da ludayi a tsaye, ba ta ce uffan ba, sai dai ta ajiye ta a kan kanta inda duk mai shigowa zai gani. Da Babbar Sallah ta zo ranar 16 ga Yuni, aka yanka rago aka fara shirin suya, Sufabaiza ya naɗe hannun riga. Ummi ta miƙo masa fatar a leda, ta ce Umma ta ce ya kai wa masu saya su kai Challawa, kuma ba sai ya yi saurin dawowa ba.