Ni da Dakalin Eindhoven

Takalmin da na sani tun tasowata a Kano, kuɗi kake biya ka zura ƙafa ka kama gabanka. Sai da karatu ya kai ni Holan, bayan na haye arba'in, na san akwai wanda ake saye gunduwa-gunduwa: ƙoƙon da ƙafa ke shiga daban, farantin ƙasansa daban, tayoyi da boris daban, sannan ga firam, ƙashin da ke riƙe da tayoyin. Wannan firam ɗin ne ya so ya mayar da yarana marayu.

Silar abin Winterclash ce, gasar 'yan takalmin taya da ake yi duk hunturu a Eindhoven, a filin Area 51 da ke cikin tsoffin gine-ginen masana'antar Philips. Sanyi ne ya koro mu ciki, ni da abokin ɗakina, wani Bazazzagi mai karatun injiniya. Waɗannan ba 'yan tsere ba ne, ba kuma irin yaranmu masu maƙale wa bayan A Daidaita Sahu ba. Su sai su daka tsalle su dira kan bututun ƙarfe ko gefen dakali, su zame a kai da tsakiyar ƙafa, su sauka suna hira. A Kalifoniya wasan ya bunƙasa farkon shekarun 1990, ya shiga gasar X Games a 1995, aka sallame shi a 2005, masu shi suka ce ba su san zancen ba. Har mai furfura a gemu na gani yana yi.

Na ce wa Bazazzagi, "Wannan ai ba wani abu ba ne."

Ya ce, "Malam, ka rufa wa iyalinka asiri."

Na samo takalmi na hannu a intanet, babu firam, shi ya sa ya yi araha. Na nemo firam, shi ma na hannu, mai arahar da ta fi ta takalmin. A jikin tallan an rubuta 165. To, tun 2001 kamfanonin wannan wasa suka haɗa kai a kan ma'auni ɗaya mai suna UFS: noti biyu, tsakaninsu milimita 167, ƙasan takalmi a shimfiɗe, domin firam ɗin kowa ya hau takalmin kowa. Shi kuwa 165 na masu yawon gari ne da masu zagaye ƙananan mazurari. Duk na karanta wannan. Amma Bakano ne ni, na dubi farashi na dubi lamba, na ce milimita biyu ai ba a ɓatawa a kanta.

Ashe ba milimita biyun ce kaɗai ba. Firam ɗin 165 bayansa ya fi gabansa tudu, don a ɗaga dunduniya. In na zaunar da baya, gaba ya buɗe baki har yatsa ya shige. In na danne gaba, notin baya ya ce bai san ni ba. Na kwana da alanki a hannu. Da asuba Bazazzagi ya ɗauko rula ya auna, ya yi mini lacca a kan abin da ake nufi da ma'auni. Na ce da a Ƙofar Ruwa ne, mai walda zai gama da shi kafin in shanye shayi. Ya ce ai shi ya sa ba a ba wa Kanawa ƙera jirgin sama.

Dole na nufi shagon masu abin. Bango guda cike da firam: ga Kizer, ga Ground Control, yawanci na roba mai tauri da aka gauraya da zaren gilas, saboda ita ce ke zamewa sumul a kan siminti, ga kuma na alminiyam, masu gudu da tsada. Mai shagon, dogon mutum da sai na ɗaga kai nake ganin hancinsa, ya tambaye ni ko filat nake so, ko anti, ko firistayil. Filat, in ji shi, taya huɗu ce a kowace ƙafa, duka suna taɓa ƙasa. Ga gudu, ga daɗin kwana, amma kwarmin tsakiya da ake zama kan ƙarfe da shi matsattse ne. Anti kuwa manyan tayoyi biyu ne gaba da baya, na tsakiya 'yan ƙanana masu taurin dutse, kamar milimita 45, a rataye, ba sa taɓa ƙasa. Ya ce ga sabon shiga mai son zamiya, anti ya fi.

Nan fa jinin kasuwa ya motsa. In biya kuɗin taya takwas, huɗu su yi ta shan iska a sama? Na ce a ba ni filat, milimita 60, taurin 90A, kowace ta ci gumin kuɗinta.

Gaskiya filat akwai daɗi. Na yi ta shawagi a gefen wani fili har na fara tunanin ko a jinina abin yake. Da na ga na ƙoshi, na zaɓi wani dakalin siminti da bai kai gwiwa ba, na goge gefensa da kyandir yadda na ga ana yi, na ja baya, na yi bisimilla, na taho. Tsallen ya yi. Dirar ma ta yi. Sai dai maimakon kwarmin ya zauna a gefen dakalin, taya ta biyu ce ta riga shi, kuma robar taya ba ta san zamiya ba, cizo ta sani. Ƙafafuna suka tsaya cak a inda suke, sauran jikina ya ci gaba da tafiya. Hular kwano ta yi ƙara, haɓa ta share ƙasa. Da na ɗago, abin da na fara gani wani ɗan baƙin layi ne da tayar ta bari a kan simintin, tsawonsa bai fi farce ba. Iyakar zamiyata ke nan. Wata tsohuwa mai jan kare ta tsaya ta tambaye ni ko lafiya, karen ma ya zo ya sansana ya tabbatar.

Daga baya na ji akwai firam irin na Oysi da aka raba tayoyin tsakiyarsa nesa da juna don rage wannan cizo, akwai kuma takalmin Aeon na USD da aka zuba shi haɗe da firam ɗinsa, ba ka da zaɓi balle ka zaɓi wahala. Labarin bai iso ni ba sai da haɓa ta kumbura.

Na koma shago da filasta a fuska. Mai shagon bai ce komai ba, ya miƙo anti.

Shi kuma anti nasa halin daban. Titunan unguwarmu jan bulo aka jera, taya biyu kacal ke ɗauke da kowace ƙafa, don haka duk gaɓar bulo sai ta isar da gaisuwa har haƙora. Kwana kuwa, tamkar tirela a lungun cikin birni. Na zo shan wata kwana takalmin ya ce miƙewa zai yi, ya kai ni tsakiyar jan titin masu keke, wanda a Holan ya fi gidan sarki alfarma. Ƙararrawa ta ko'ina. Wata mata da yara biyu a akwatin gaban kekenta ta faɗa mini wata magana da ban nemi fassararta ba.

Amma a dakali, anti ya cika alkawari fiye da yadda na roƙa. Saboda tsoron cizon farko na ƙarar da rabin kyandir a gefen simintin. Na dira, kwarmin ya zauna daram, ƙafafu suka zame suka yi gaba da gudun da ban shirya masa ba, suka bar ni a baya. Da ƙashin gindi na sauka a kan dakalin. Juma'ar wannan makon a kan kujera na yi sallah a masallacin Turkawa, a sahun dattawa, wani tsoho har ya matsa mini yana yi mini addu'ar samun sauƙi. Uwargida ta kira ta bidiyo ta ce, "Baban yara, me ya sa kake cin abinci a tsaye?" Na ce al'adar Turawa ce.

Mai shago ya ce saura firistayil, wanda babu tayar tsakiya ko ɗaya, kwarmi ne zalla. Bazazzagi ya ce in saya, tunda kullum tayoyina raguwa suke yi, in Allah ya yarda kafin Sallah na dawo kan silifas.

Ban saya ba. Na dai sa firam ɗin 165 a kasuwa don in rage asara. Wani yaro ya aiko saƙo yana tambaya ko zai hau takalmin UFS. Na fara rubuta masa cewa bambancin milimita biyu ne kawai, Bazazzagi ya fizge wayar.